Walter Tull: Ɗan Ƙwallon Ƙaramin Rukuni Da Ya Zama Hafsa A Yaƙin Duniya Na Ɗaya

 

Ƙwallon ƙafar Ingila ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk unguwar da mutum ya shiga a biranen da muke zaune zai tarar da gidan kallon ƙwallo, kuma yaron da bai iya kawo sunayen kakanninsa uku ba zai jero maka 'yan wasan Arsenal goma sha ɗaya ba tare da ya yi tuntuɓe ba. To amma abin da ake nuna mana a talabijin saman tukunya ne kawai. Manyan rukunonin gasar Ingila huɗu ne, masu ɗauke da ƙungiyoyi 92, kuma a ƙarƙashinsu akwai ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi na garuruwan da ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Mutumin da zan ba ku labarinsa yau a irin wannan ƙaramar ƙungiya ya yi mafi yawan wasansa. Sunansa Walter Tull, kuma shekara 29 kacal ya yi a duniya.

An haife shi ranar 28 ga Afrilu, 1888, a garin Folkestone da ke bakin teku a kudu maso gabashin Ingila. Mahaifinsa, Daniel Tull, kafinta ne baƙar fata daga tsibirin Barbados, ɗan mutumin da ya yi zaman bauta a gonakin rake na tsibirin. Daniel ya zo Ingila a 1876, ya auri wata Baturiya 'yar yankin mai suna Alice Palmer. Cutar daji ta ɗauke Alice a 1895, Walter yana wajen shekara bakwai. Uban ya auri wata 'yar uwarta mai suna Clara domin ta riƙe yaran, amma a ƙarshen 1897 shi ma ciwon zuciya ya yi ajalinsa. Nauyi ya fi ƙarfin Clara. Sai cocin da iyalin suke zuwa ya shiga maganar, aka kai Walter da ɗan uwansa Edward gidan marayu da ke unguwar Bethnal Green a gabashin Landan. Ba su daɗe tare ba aka sake raba su, domin wasu ma'aurata daga birnin Glasgow sun ɗauki Edward riƙo. Wannan Edward shi ne daga baya ya zama likitan haƙori. Walter kuwa ya ci gaba da zama a gidan marayu, aka sa shi koyon aikin maɗaba'a, yana kuma buga wa ƙungiyar gidan ƙwallo.

A 1908 ya shiga Clapton, ƙungiyar 'yan sa-kai waɗanda ba a biyansu albashi. Cikin kakar wasa ɗaya suka ci kofuna uku, har da babban kofin 'yan sa-kai na ƙasa baki ɗaya na 1909. Nan take idon Tottenham Hotspur ya kai kansa, a daidai lokacin da ta samu hawa rukuni na ɗaya karon farko. Ta ɗauke shi kan fam 4 a mako, wanda shi ne iyakar abin da doka ta yarda a biya ɗan ƙwallo a zamanin. Kafin a fara gasa ya bi ƙungiyar rangadi zuwa Ajantina da Yurugwai. Ku duba fa, yaron gidan marayu, yana da shekara 21, ya haye teku zuwa Kudancin Amurka domin buga tamaula.

Ba shi ne baƙar fata na farko da ya ci abinci da ƙwallo a Ingila ba. Arthur Wharton, wanda aka haifa a Akara ta ƙasar Gana ta yau a 1865, ya riga shi, yana tsaron gida. Amma Tull ɗan wasan gaba ne, a tsakiyar fili yake, inda kowane ido yake kansa kuma kowane baki yake iya kai masa. A watan Oktoba na 1909 Tottenham ta je wasa gidan Bristol City, sai wani ɓangare na 'yan kallo suka yi masa ca da zagi na ƙazanta saboda launin fatarsa. Abin ya yi muni har wani ɗan jarida da ya halarci wasan ya rubuta yana la'antar masu zagin, yana yabon natsuwar Tull, yana kuma cewa a duk 'yan gaban da suka buga a ranar babu kamarsa.

Me ya biyo baya? Ba a daɗe ba aka mayar da shi cikin 'yan wasan ajiya. Wasa 10 kawai ya buga wa babbar tawagar Tottenham, ya ci ƙwallo 2. Marubucin tarihinsa, Phil Vasili, ya danganta wannan koma-baya da abin da ya faru a Bristol, kuma ni ma a ganina ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa masu iko sukan ga ya fi musu sauƙi su janye wanda ake zagi daga idon jama'a, a kan su tunkari dubban masu zagin da suka biya kuɗin shiga.

Wanda ya fitar da shi daga wannan hali shi ne Herbert Chapman. Masoya Arsenal da ke cikin ɗakin nan ya kamata su san sunan, domin shi ne ya ɗora ƙungiyarsu kan turbar ɗaukaka a farkon shekarun 1930. Amma a 1911 Chapman yana horar da Northampton Town ne, ƙungiyar wani gari da ya shahara da ɗinkin takalma, har laƙabin ƙungiyar ma'anarsa dukawa. Tana buga Gasar Kudu, wadda take waje da manyan rukunoni biyu na wancan lokaci. Sai a 1920 aka haɗe manyan ƙungiyoyin wannan gasa aka mai da su rukuni na uku. Tun daga nan Northampton ta yi mafi yawan rayuwarta tsakanin rukuni na uku da na huɗu. Sau ɗaya tak ta leƙa rukuni na ɗaya, a kakar 1965 zuwa 1966, ta kuma sauko a shekarar.

Bari in ɗan tsaya a kan rayuwar ɗan ƙwallo irin wannan, domin matasanmu da suke jin labarin miliyoyin da ake biyan 'yan wasa yau su san daga inda aka taso. Filin Northampton na haɗin gwiwa ne da masu wasan kurket, shi ya sa gefe ɗaya babu rumfar zama ta dindindin. Ƙwallon na fata ne mai ɗinki, in ruwan sama ya jiƙa shi sai ya yi nauyi, wanda ya sa masa kai sai ya ji a jikinsa. Babu canjin ɗan wasa. In ka ji rauni, ko dai ka fita ƙungiyarka ta ƙarasa da mutum goma, ko ka koma gefe kana ɗingishi har a tashi. Sai a 1965 aka halatta canji a gasar Ingila. Sannan akwai wata ƙa'ida da ta ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa ko da kwantiraginsa ya ƙare, ba shi da ikon komawa wata sai ta sake shi, kuma wannan ƙa'ida ba ta fara warwarewa ba sai da kotu ta shiga maganar a 1963. In ƙafa ta karye ko shekaru suka ja, mutum ya koma masana'anta ko ramin haƙar kwal. Arthur Wharton da na ambata ɗazu a wurin haƙar kwal ya ƙarasa aikinsa, ya mutu cikin talauci a 1930, aka binne shi a kabarin da ya yi shekaru fiye da sittin babu ko alama.

A Northampton aka dawo da Tull tsakiyar fili, kuma a nan ya samu gindin zama. Ya buga wasa 111, ya ci ƙwallo 9, mutanen gari suka karɓe shi. Shekaru ukun nan su ne mafi kwanciyar hankali a rayuwarsa, kuma abin lura shi ne a ƙaramin gari ya same su, bayan babban birni ya juya masa baya.

Ranar 4 ga Agusta, 1914, Birtaniya ta shiga yaƙi da Jamus. A lokacin babu dokar tilasta shiga soja, sai a 1916 aka kafa ta, saboda haka da lallashi da kunyatarwa ake tara mayaƙa. Mata sukan tare saurayin da ba ya cikin kaki a kan titi su miƙa masa farin gashin tsuntsu, alamar cewa shi matsoraci ne. 'Yan ƙwallo sun sha wannan suka fiye da kowa, domin hukumar wasan ta ƙi dakatar da gasa. Jaridu suka yi ta tambaya: ta yaya ƙarfafan samari za su riƙa bin ƙwallo a guje, alhali sa'o'insu suna mutuwa a Faransa? Ba a cika tunawa ba cewa waɗannan samari ma'aikata ne da suka sa hannu a kwantiragi, da mata da 'ya'ya a wuyansu. An ƙarasa kakar a haka, aka yi wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a watan Afrilu na 1915, Sheffield United ta doke Chelsea da ci 3 da nema a gaban 'yan kallon da sojoji suka cika. Daga nan aka rufe gasa har 1919.

Dabarar da hukuma ta ɓullo da ita ta tara sojoji ita ce a yi wa mutane alkawarin cewa 'yan gari ɗaya ko 'yan sana'a ɗaya za su shiga tare, su yi horo tare, su yi yaƙi tare. Mu da muka san daɗin zama da ɗan gari a baƙon wuri mun san dalilin da ya sa dabarar ta ci. Sai dai ba a hango ɗaya fuskar ba. Ranar 1 ga Yuli, 1916, ranar farko ta gumurzun kogin Somme, sojojin Birtaniya fiye da 19,000 suka mutu a yini ɗaya. Bataliyar da aka tara daga garin Accrington da kewayensa ta shiga da mutum kusan 700, fiye da 500 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓata. Gari ɗaya, safiya ɗaya, kusan babu layin da ba a yi zaman makoki ba.

A kan wannan tsari aka kafa Bataliyar 'Yan Ƙwallo ranar 15 ga Disamba, 1914, a zauren taro na unguwar Fulham a Landan. Sunanta a hukumance Bataliya ta 17 ta Rundunar Middlesex. An yi wa 'yan wasa rangwame cewa ranar Asabar za a sake su su je su buga wa ƙungiyoyinsu har kaka ta ƙare. Kafin watan ya fita Tull ya ba da sunansa, kuma shi ne ɗan wasan Northampton na farko da ya shiga soja. Ya sauka a Faransa a watan Nuwamba na 1915, ya hau muƙami har ya kai saje.

Yaƙin ramuka ake yi. Kowane ɓangare ya haƙa dogayen ramuka tun daga tekun arewa har iyakar Suwizalan, tsakaninsu fili ne mai cike da taɓo da waya mai ƙaya, igwa kuwa ba ta yin shiru dare da rana. A watan Mayu na 1916 aka dawo da Tull asibiti a Ingila, yana fama da ciwon firgita da rugugin igwa yake jawowa. Wannan ciwo bai samu fahimta ba a zamanin. Da yawa daga manyan hafsoshi ragwanci suke ɗaukarsa, kuma cikin sojoji 306 da rundunar Birtaniya ta harbe bisa laifin gudu ko tsoro da makamantansu, ana kyautata zaton akwai masu wannan larura. Sai a 2006 gwamnati ta yi musu afuwa baki ɗaya. Yana kwance ne bataliyarsa ta shiga dajin Delville ta yi mummunar asara. Ƙungiyar Clapton Orient kaɗai, wadda ake kira Leyton Orient yanzu, ta rasa 'yan wasa uku a gumurzun Somme. Da Tull ya samu sauƙi sai ya koma fagen daga a cikin kakar shekarar, ya riski ƙarshen wannan gumurzu.

Yanzu mun zo kan abin da ya sa ake tunawa da shi. Littafin dokokin soja na Birtaniya, bugun 1914, ya shardanta cewa wanda za a ba muƙamin hafsa sai ya kasance tsantsar jinin Turawa. Baƙar fata yana iya ɗaukar bindiga, yana iya mutuwa, amma ba a yarda ya ba farar fata umarni a matsayin hafsa ba. Duk da haka shugabanninsa suka ba da shawarar a tura shi makarantar horar da hafsoshi da ke Gailes a Sikotilan, kuma ranar 30 ga Mayu, 1917, aka ba shi muƙamin laftana na biyu. A zamansa na Sikotilan ne ya sa hannu da ƙungiyar Rangers ta Glasgow, garin da ɗan uwansa Edward yake, da niyyar buga mata in an gama yaƙi.

Kada mu yi saurin cewa zukata ne suka yi laushi. Ƙananan hafsoshi su ne suke fara fita daga rami a gaban mutanensu, saboda haka mutuwa ta fi yi musu ɗauki ɗai-ɗai, kuma zuwa 1917 'ya'yan manyan gida da aka saba ba wa muƙamin sun yi ƙaranci. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Amma tsagewar bango ba ta rage komai daga cancantarsa ba, domin dubban sajoji ne a rundunar, kuma waɗanda suka sa hannu a takardarsa sun san abin da doka ta ce, sun ga fuskarsa, suka sa hannun.

A daidai waɗannan shekaru, sojojin Rundunar Nijeriya, waɗanda da Hausa ake ba su umarni, suna yaƙi ƙarƙashin tuta ɗaya da Tull. Su ne suka yi yaƙin Kamaru, inda Garwa ta faɗi a 1915, dutsen Mora kuma ya miƙa wuya a watan Fabrairu na 1916, sannan aka kwashe su zuwa Gabashin Afirka. Komai jarumtakar ɗayansu, samanja ne iyakarsa. Chari Maigumeri, wanda barikin soja na Lokoja yake ɗauke da sunansa, ya ga yaƙin duniya biyu, amma muƙamin kyaftin na girmamawa kawai aka ba shi da zai yi ritaya a 1953. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba 'yan Nijeriya muƙamin hafsa. Wannan zai nuna muku girman katangar da Tull ya haura shekara talatin kafin nan.

An daɗe ana cewa shi ne baƙar fata na farko da ya zama hafsa a sojan Birtaniya. Binciken da aka yi daga baya ya gano waɗanda suka riga shi, irin su Euan Lucie-Smith, haifaffen Jamaika, wanda aka ba muƙami a 1914 aka kashe shi a 1915, da David Clemetson, shi ma ɗan Jamaika, a 1915. Ban ga abin da wannan ya rage masa ba. Waɗancan 'ya'yan masu hali ne da suka yi manyan makarantu. Tull daga gidan marayu ya fito, ya fara daga kurtu.

A ƙarshen 1917, bayan sojojin Italiya sun sha kashi a Caporetto, aka tura rundunarsa, Bataliya ta 23 ta Middlesex, domin kai musu ɗauki. A can ne, cikin tsananin sanyin hunturu, ya jagoranci mutum 26 suka tsallaka kogin Piave da dare, suka kai samame cikin yankin abokan gaba, ya kuma dawo da su duka babu wanda ya rasa ransa. Kwamandan runduna, Manjo Janar Sydney Lawford, ya yaba masa a rubuce saboda jarumtaka da sanyin kai.

A watan Maris na 1918 aka dawo da su Faransa. Jamus ta riga ta gama da Rasha, ta kwaso sojojinta daga gabas, tana son ta yi ta ta ƙare kafin sojojin Amurka su taru da yawa. Ranar 21 ga wata ta ƙaddamar da gagarumin hari, rundunar Birtaniya ta shiga ja da baya. Ranar 25 ga Maris, kusa da ƙauyen Favreuil, harsashi ya sami Walter Tull. Mutanensa sun yi ƙoƙarin ɗauko gawarsa ana ruwan wuta, cikinsu har da Tom Billingham, wanda ya taɓa tsaron gidan ƙungiyar Leicester. Dole ta sa suka bar shi. Ba a ga gawarsa ba har yau. Wata bakwai da 'yan kwanaki bayan haka yaƙin ya ƙare.

Wani hafsa abokin aikinsa ya rubuta wa iyalinsa ta'aziyya, a ciki ya shaida musu cewa an ba da sunan Tull domin lambar yabo ta jarumtaka da ake ba ƙananan hafsoshi. Lambar ba ta fito ba. Ma'aikatar tsaron Birtaniya ta ce ba ta ga takardar shawarar a cikin kundinsa ba, kuma ba al'adarta ba ce ta waiwayi irin wannan hukunci bayan shekaru masu yawa. Masu fafutuka kuwa suna ganin ba shi lambar a 1918 zai zama amincewa a fili cewa an karya dokar launin fata, shi ya sa aka yi shiru. A 2018, da ya cika shekara 100 da rasuwa, ɗan majalisa David Lammy ya jagoranci takwarorinsa da dama suka rubuta wa Firayim Minista suna neman a ba shi, amma ba a ba shi ba.

Kusan shekara saba'in sunansa ya kwanta, in ban da a wurin danginsa, har sai da Vasili ya ci karo da shi cikin tsofaffin takardu ya bi sawu. Daga nan aka fara farkawa. A 2014 an buga kuɗin tunawa na fam 5 da hotonsa, a 2018 aka sa shi a kan sarki na gidan waya, a 2021 kuma aka shigar da shi cikin jerin gwarazan ƙwallon Ingila. Amma tun kafin duk waɗannan, ƙaramar ƙungiyarsa ce ta fara. A 1999 Northampton Town ta gina masa dandalin tunawa a gefen filinta na Sixfields, kuma titin da yake bi ta wurin sunansa aka sa masa. A Faransa kuwa, da yake ba shi da kabari, sunansa yana sassaƙe a bangon tunawa na birnin Arras, cikin sunaye kusan 35,000 na sojojin da ba a ga gawarwakinsu ba.